Kira Ga Iyaye: In Kun Je Amurka Ku Kai Yara Nachez

Malam Edita,

Ina roƙon ka taimaka mini da fili in yi kira ga 'yan'uwana iyaye, waɗanda aiki ko karatu ya zaunar da su a ƙasar Amurka, da kuma waɗanda Allah ya hore wa halin kai iyalinsu can hutu. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, maganar ce ba ta yankuwa.

Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, da zarar an ba yara hutun makaranta, sai ka ga mutanenmu sun ɗunguma zuwa Niyu Yok, ko gidan wasan Disney da ke Fulorida, ko kuma manyan kantunan nan da mutum zai wuni a ciki bai ga rana ba. A dawo gida da akwatuna maƙare da takalma da turare. Ka tambayi yaro me ya gano, ya ce maka lilo da askirim. Ni ban ce wannan laifi ba ne, kowa da kuɗinsa. Amma Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma a ganina tarihin Amurka ya fi fitowa fili a ƙananan garuruwanta, inda ba a rushe tsofaffin gine-gine an kafa dogayen benaye ba. Zan ba da misali da gari ɗaya da muka yi kwana uku a cikinsa, ni da maiɗakina da yaranmu, wato Nachez ta jihar Misisipi.

Nachez ƙaramin gari ne, mutanensa ba su cika 15,000 ba a ƙidayar 2020, kuma fiye da rabinsu baƙar fata ne. Yana zaune a kan wata doguwar gaɓa mai tsayin kusan ƙafa 200 a bakin Kogin Misisipi, tafiyar kamar awa uku a mota daga Niyu Olins. Faransawa suka kafa shi a 1716, daga baya ya koma hannun Ingila, sannan Sifen, kafin Amurka ta karɓe shi a 1798. Sunan garin ma na aro ne, domin sunan wata ƙabila ce ta 'yan asalin ƙasar, waɗanda muka fi sani da jajayen Indiyawa. Har yanzu kufan babban ƙauyensu na nan a gefen gari, da tuddan ƙasa da suka tara da hannu don ibadarsu da gidan sarkinsu, ga kuma ɗan ƙaramin gidan tarihi. A 1729 suka tasam ma Faransawa saboda ƙwacen gonaki, suka kashe fiye da mutum 200. Faransawa suka dawo suka murƙushe su, suka sayar da ɗaruruwansu bayi a tsibirin da ake kira Haiti a yau. To ka ga tun ranar farko yaro ya koyi cewa akwai masu ƙasa kafin zuwan Bature.

Abin da ya fi jawo baƙi garin kuwa shi ne gidajen attajiran auduga. Kafin yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, masu manyan gonakin auduga na yankin a Nachez suke gina gidajensu, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa. Da yaƙi ya zo garin bai yi wata turjiya ba, shi ya sa ba a ƙone shi ba, gidajen suka tsira. Akwai Stanton Hall, wanda aka gina a 1857, shi kaɗai da harabarsa sun cinye fili daga wannan titi zuwa wancan. Maigidan bai daɗe da tarewa ba ya mutu a 1859. Akwai Rosalie na 1823, wanda sojojin Arewacin Amurka suka mayar hedkwatarsu a 1863.

Amma wanda ya fi ƙayatar da yarana shi ne Longwood. Gida ne mai kusurwa takwas da ƙatuwar ƙubba a samansa, ka rantse daga ƙasar Turkiyya aka ɗauko shi. Wani mai gonakin auduga da ake kira Haller Nutt ya soma gina shi a 1860, aka tsara masa ɗakuna 32, ya ɗauko magina daga Filadalfiya. Yaƙi na ɓarkewa a 1861 maginan suka ajiye kayan aikinsu suka koma Arewa. Ɗakuna 9 na hawan ƙasa kaɗai aka gama, nan iyalin suka zauna, shi kuma ya mutu a 1864. In ka hau sama sai ka tarar da kango, bulo tsirara da katako, ka ɗaga kai ka hango har cikin ƙubbar. Wallahi ko wa'azi aka yi wa mutum a kan ruɗin duniya iyakarsa ke nan.

To Malam Edita, a nan ne gizo ke saƙar. Tun 1932 ƙungiyar matan garin masu kula da lambuna suka soma buɗe wa baƙi waɗannan gidaje a kowace bazara, mata na sanye da manyan rigunan nan masu baza kamar lema, suna nuna wa mutane madubai da fitilu da kujerun da aka yo oda daga Turai. Shekaru da dama ana wannan biki ba a cika maganar waɗanda suka buga bulon, suka nome audugar ba. Abin ya ragu yanzu, amma bai ƙare ba. A wani gida da muka shiga, mai yi wa baƙi bayani ta yi ta cewa "masu hidima" sun kwana a nan, "masu hidima" sun yi girki a can. Sai 'yata ƙarama ta jawo hannuna ta ce, "Baba, nawa ake biyansu a wata?" Na ce mata ko sisi, bayi ne, saye aka yi. Da ban tsaya kusa da ita ba, da yarinyar nan ta koma gida tana zaton 'yan aiki ne masu albashi.

Saboda haka kirana kashi biyu ne. Na farko, ku je. Na biyu, in kun je kada ku tsaya ga gidajen kawai.

Kamar mil ɗaya daga tsakiyar gari akwai wani ɗan fili a mahaɗar tituna, ana kiransa Forks of the Road, wato mararrabar hanya. Mai wucewa a mota ba zai ma kula da shi ba. Alhali daga 1833 zuwa 1863 nan ce kasuwar bayi ta biyu mafi girma a can ƙuryar Kudancin Amurka, bayan ta Niyu Olins. Dalilin kafa ta a wurin shi ne, a 1833 hukumar gari ta kori dillalan bayi daga cikin gari don tsoron annobar kwalara, sai suka koma bakin iyaka suka kafa shingayensu. A lokacin an riga an hana shigo da bayi daga Afirka tun 1808, don haka sai cinikin ya koma na cikin gida. Kamfanin wasu dillalai biyu, Franklin da Armfield, kan sayi mutane a jihar Bajiniya, a ɗaure maza da sarƙa, a koro su a ƙasa tafiyar kusan mil 1,000 har Nachez. A raba uwa da ɗa, a raba miji da mata, kowa da inda mai sayensa ya nufa. Da sojojin Arewa suka shigo a 1863, baƙaƙen sojoji ne suka rushe shingayen, aka yi amfani da katakon wajen gina bariki.

Yau babu gini ko ɗaya a wurin, sai allunan bayani da wasu sarƙoƙi da mari da aka dasa cikin siminti a ƙasa. Sai a 2021 filin ya shiga hannun hukumar da ke kula da wuraren tarihi ta ƙasa, bayan shekaru masu yawa da wasu baƙar fatar garin suka yi suna fafutuka. Minti ashirin sun isa a zagaya shi, ba mu biya ko kwabo ba, amma a nan ne amsar tambayar da gidajen ba sa so a yi take, wato ina aka samo dukiyar.

Ita wannan hukuma ita ke riƙe da gidan Melrose, kuma ma'aikatanta ba sa ɓoye-ɓoye. Za su nuna maka ɗakunan bayi a bayan gida. A ɗakin cin abinci akwai wani ƙaton mafici na katako rataye a saman tebur, da igiya a jikinsa, bawa ne ke tsayawa yana ja har iyayen gidansa su gama cin abinci. Har ila yau ita ke kula da gidan William Johnson, wani wanzami baƙar fata da aka haifa cikin bauta a 1809, aka 'yanta shi yana yaro, ya buɗe shagunan aski ya yi arziki. Daga 1835 zuwa 1851 yana rubuta abin da ke faruwa a garin kusan kullum. A 1851 wani maƙwabcinsa ya harbe shi a kan rikicin iyakar gona, kuma ba a hukunta shi ba, domin shaidun baƙar fata ne, dokar lokacin kuwa ba ta karɓar shaidar baƙi a kan fari. Yara kuma ana ba su ɗan littafin tambayoyi, in sun cika a saka masu baje, nawa har rigima suka yi a kan wa zai riga gamawa.

Jama'a, abin da ya fi taɓa ni a Nachez labarin wani Bafillace ne, Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori. Ubansa shi ne Almamin Futa Jalo, a ƙasar Gini ta yau, babban birninsu Timbo. An haife shi wajen 1762, ya yi karatu a Tambutu, ya zama shugaban mayaƙa. A 1788 aka yi masa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yaƙi, aka sayar da shi ga Turawa a Kogin Gambiya, jirgi ya kawo shi har Niyu Olins, daga nan aka hauro da shi Nachez, tun kafin a kafa waccan kasuwa. Wani manomi mai suna Thomas Foster ya saye shi. Da ya ce shi ɗan sarki ne sai aka mayar da abin ba'a, aka laƙaba masa Yarima da Turanci. Shekara 40 ya yi yana bauta a gonar mutumin nan. Ya auri wata baiwa, Isabella, suka haifi 'ya'ya tara.

Ikon Allah, a 1807 yana tallar dankali a kasuwa sai ga wani likita Bature, John Cox, wanda ya taɓa kwanciya rashin lafiya a Timbo, gidan su Abdurrahman suka yi jinyarsa har ya warke. Suka gane juna. Likitan ya yi juyin duniya a sayar masa da shi don ya 'yanta shi, Foster ya ƙi, har likitan ya mutu. Sai a 1826 Abdurrahman ya rubuta takarda da Larabci, wani ɗan jaridar garin mai suna Andrew Marschalk ya aika da ita Washintan, daga can ta kai ga Sarkin Maroko, domin an zaci shi mutumin can ne. Shugaba John Quincy Adams da sakataren harkokin wajensa Henry Clay suka sa baki, aka sake shi a 1828 bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Mutanen gari suka tara dala 200 suka fanshi matarsa. Ya zagaya biranen Arewa yana neman taimakon fansar 'ya'yansa, kuɗin ba su isa ba. A 1829 ya shiga jirgi zuwa Laberiya, ya rasu a Manrobiya a watan Yulin shekarar, bai sake ganin Timbo ba. Abin da ya tara ya fanshi 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, sauran suka ci gaba da bauta a Misisipi. Allah sarki! Mai son cikakken labarin, wani masanin tarihi, Terry Alford, ya rubuta littafi a kansa a 1977.

Na san abin da wasu za su ce. Wani abokina da na ba shi wannan shawara cewa ya yi, "Haba Malam, hutu fa muka je, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don me zan tsorata yara?" Amsata ita ce, yaron da ke tashi a Amurka da baƙar fata a jikinsa sai ya ji wannan labari ko ana so ko ba a so. Ko dai ya ji shi a aji a gutsure, ko ya ji shi a bakin wani yaro da ke masa gori. Ai gara ya ji daga bakin ubansa, yana riƙe da hannunsa, a wurin da abin ya faru. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wata magana da ba mu so a yi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawa daga cikinmu da muka zo daga Afirka muna raina baƙar fatar Amurka. A gaban yara za ka ji ana cewa ragwaye ne, ba su son karatu, kada a yi abota da su. Wanda ke faɗin haka ya je gidan tarihin baƙar fata da ke tsohon gidan waya a babban titin Nachez. A garin nan Hiram Revels ya yi limancin coci, kafin ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka a 1870. A garin nan, a watan Fabrairun 1967, aka dasa bam a motar Wharlest Jackson, ma'ajin ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, bayan ya karɓi ƙarin girma zuwa wani aiki da a da fararen fata kaɗai ake ba a wani kamfanin taya. Ya mutu nan take, kuma ba a hukunta kowa ba. Dokar 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofar shiga Amurka a zamanin wannan gwagwarmaya aka yi ta. Kai da kake likita ko malamin jami'a a yau, ana kiranka da girma, wasu ne suka share maka hanya da jininsu. In ba za ka gode ba, to kada ka koya wa ɗanka raini.

Wasu kuma cewa suke yi bai kamata a shiga gidajen ba sam, don kada a ba masu tutiya da zamanin bauta kuɗi. Ban yarda da wannan ba. Hannun bayi ne ya buga bulon nan, guminsu ne ya sayi fitilun, saboda haka jikokinsu sun fi kowa haƙƙin ganin gidajen. Ku shiga, ku kalla, ku yi tambaya cikin ladabi: bayi nawa ne a gidan nan, a ina suke kwana, an san sunayensu? In baƙi suka yawaita tambaya, dole mai bayani ya nemo amsa.

Kuma a gaya wa yara gaskiya duka, kada a zaɓi mai daɗi. Shi wanzamin nan William Johnson, da ya yi kuɗi, shi ma bayi ya saya. Masarautar su Abdurrahman ita ma tana sayar da waɗanda ta kama a yaƙi. Mu ma a ƙasashenmu an yi bauta, kowa ya sani. Yaron da aka faɗa wa haka ba zai tashi da ƙiyayyar wani launi ba, zalunci zai tsana a duk inda ya gan shi.

Kada mai karatu ya ɗauka kwana ukun nan duk jimami muka yi. Da yamma mukan hau kan gaɓa mu kalli faɗuwar rana a kan kogi, ga jiragen dakon kaya ana tura su a jere, ga gadar da ta haye zuwa Bidaliya ta jihar Luwiziyana. Yara sun hau keken doki an zagaya da su cikin gari. Mun gangara tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke ƙarƙashin gaɓa, muka ci soyayyar tarwaɗa da aka tsoma cikin garin masara. Mun bi hanyar nan mai suna Natchez Trace, wadda ta miƙe mil 444 har Nashbil, babu manyan motocin kaya, babu allunan talla, sai itatuwa. A da 'yan kasuwa kan gangaro da kaya ta kogi, su sayar har da katakon jirgin, su bi ta nan su koma gida a ƙasa. Kamar mil 10 daga gari akwai Emerald Mound, tudun ƙasa mai faɗin eka 8 da kakannin ƙabilar Nachez suka tara, shi ne na biyu a girma a irinsa a duk Amurka. Yara suka yi ta tsere a kansa har suka gaji. Wanda ya je a watan Oktoba kuma zai iya dacewa da bikin manyan balan-balan masu ɗaukar mutane sama.

Shawarata ga mai niyya, ya je a watan Maris ko Afrilu ko Oktoba, domin daga Yuni zuwa Agusta akwai zafi mai gumi da sauro. Gida biyu sun isa a rana, in an wuce haka yara za su ƙosa. A fara da mararraba kafin a shiga gidajen, don yaro ya shiga da idonsa a buɗe. A wajen abinci kuma a riƙa tambaya, saboda mutanen Kudu na yawan sa naman alade har cikin wake da ganye.

Daga ƙarshe ina kira ga ƙungiyoyinmu na mazauna Amurka, waɗanda ke tara kuɗi kowace shekara a kama zaure a yi liyafa, da su ware ko da tafiya ɗaya ce a shekara, a ɗauki hayar bas a kai yara irin waɗannan wurare. In Nachez ta yi nisa, kowace jiha da nata ƙaramin garin mai tarihi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuma masu zuwa hutu daga gida, ku rage kwana biyu daga na kanti, ba za ku yi da-na-sani ba.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya shirya mana zuriya, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani uba,
Hiyustan, Jihar Teksas, Amurka.